Katedral ta Garwa: Abin da ke bayan ƙofar da muke wucewa kullum

Daga wakilinmu a Garwa

Ranar wata Laraba da dare, ina tsakiyar gabatar da shirin zaman tare a gidan rediyon al'ummar da nake aiki, sai wani mai sauraro ya bugo waya. Bayan mun gaisa, ya ce tambaya ɗaya ce ke tafe da shi: wai da gaske ne a cikin babban cocin Katolika na garin nan akwai gumaka da ake kunna wa wuta dare da rana? Ya ce tun yana yaro yake jin haka, yanzu kuma ɗansa ya tambaye shi, ya rasa abin da zai gaya masa. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na tarar ni ma ba ni da ita. Shekara arba'in da 'yan kai ina garin nan, na wuce ta ƙofar wurin a ƙafa, na wuce a keke, na wuce a babur, amma ban taɓa leƙawa ciki ba.

Da yake Hausawa sun ce gani ya kori ji, sai na nemi izinin shiga, aka kuwa ba ni ba tare da wani ja-in-ja ba. Aka haɗa ni da wani dattijo katakis, wato mai koyar da karatun addini ga masu shirin baftisma, ya zagaya da ni. Abin da na gani da abin da na binciko na tarihi shi ne nake kawo wa mai karatu a yau. Ni Musulmi ne, kamar yawancin masu karanta wannan shafi, kuma ba wa'azi na zo yi ba. Labarin gidan maƙwabci ne, wanda sanin sa ya fi rashin sani amfani.

Me ya sa ake ce mata Katedral?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka girman gini ne ke sa a kira coci da sunan Katedral. Ashe ba haka ba ne, kujera ce. Kalmar ta samo asali ne daga harshen Girkanci, inda take nufin kujera, kuma duk majami'ar da aka ajiye kujerar bishop a cikinta ita ce Katedral, ko da kuwa akwai wadda ta fi ta girma a garin. Bishop shi ne shugaban Katolika na yanki guda, wanda suke kira dayosis.

Kujerar nan tana can gaba, a wurin da jama'a za su iya ganin wanda ke kanta. Dattijon ya ce da ni: "Malam, ka san karagar Lamiɗo? To, ko da Lamiɗo ya yi tafiya, akwai wanda zai hau?" Na ce: "Babu, Baba." Ya ce to haka nan wannan take, fada na iya jagorantar ibada a cikin majami'ar kullum, amma a wata kujerar dabam zai zauna. Fada shi ne limamin Katolika, wanda mu a nan muka fi kira da Mompe, daga Faransanci.

Kayan sarautar bishop ma suna da ma'anarsu. Akwai doguwar hula mai baki biyu, da zobe, da gicciyen da yake ratayawa a ƙirji, sannan da sanda mai lanƙwasasshen kai. Sandar nan ta makiyayi ce, kuma a ƙasar Fulani ba sai an yi wa kowa dogon bayani a kanta ba. Da yake na Garwa akbishop ne, wato yana gaba da bishop-bishop na Marwa-Mokolo da Yagwa da Ngaundare a daraja, yana da ƙarin wani siririn ƙyalle na farin gashin tunkiya mai ɗauke da baƙaƙen gicciye shida, wanda Paparoma ke sa wa albarka a birnin Rum ranar 29 ga Yuni, yana ɗora shi a kafaɗa lokacin manyan bukukuwa.

Su wa suka hau kujerar?

Katolika ba su ne Kiristocin farko da suka kafa mishan a arewacin Kamaru ba. 'Yan Lutheran daga Amurka da Norwe sun riga su tun a shekarun 1920. Sai a 1946 ne wata ƙungiyar fada-fada da ake kira Oblats de Marie Immaculée, wadda Eugène de Mazenod ya kafa a Faransa a 1816, ta turo mutanenta ƙarƙashin jagorancin Yves Plumey, mutumin garin Vannes da aka haifa a 1913. A watan Janairun 1947 fadar Paparoma ta ware Garwa a matsayin yankin mishan mai zaman kansa, wanda a lokacin ya haɗa da duk arewacin Kamaru har da wani ɓangare na Chadi. A 1953 aka ɗaga darajarsa, a ranar 14 ga Satumba 1955 ya zama cikakkiyar dayosis, sannan a ranar 18 ga Maris 1982 ya zama babbar dayosis. Daga jikinsa aka yanki Pala ta Chadi a 1956, aka yanki Marwa-Mokolo da Yagwa a 1968, sannan Ngaundare a 1982.

Mutum huɗu ne suka riƙe wannan kujera zuwa yanzu. Na farko Plumey, wanda ya sauka a 1984, ya koma Ngaundare da zama, garin da ya kafa makarantar Mazenod da ta yaye manyan ma'aikata da yawa, Musulmi da Kirista. A can ne aka kashe shi a gidansa a farkon watan Satumbar 1991, kisan da ba a kai ga bayyana wa jama'a gaskiyarsa ba. Na biyu shi ne Christian Tumi, wanda yana kan kujerar Garwa aka naɗa shi Kadinal a 1988, ya zama ɗan Kamaru na farko da ya samu wannan muƙami, kafin a mayar da shi Duwala a 1991. Ya rasu a 2021. Na uku Antoine Ntalou, daga 1992 zuwa 2016. Na huɗu kuma Faustin Ambassa Ndjodo, wanda aka naɗa a 2016. A zamanin Tumi ne, cikin watan Agustan 1985, Paparoma John Paul na Biyu ya sauka a Garwa ya jagoranci ibada, kuma har yau dattawan garin, Musulmi da Kirista, na ba da labarin cincirindon jama'ar da aka yi a ranar.

Wace ce Tereza?

Cikakken sunan majami'ar da Faransanci shi ne Sainte-Thérèse, wato Tereza mai tsarki. Wata Bafaransa ce da aka haifa a 1873, ta shiga gidan sistocin Karmel na garin Lisieux tana da shekara 15, tarin fuka ya yi ajalinta a 1897 tana da shekara 24. Ba ta taɓa taka ƙasar Afirka ba. To me ya kawo sunanta bakin kogin Binuwai? Dalili shi ne a 1925 cocin Katolika ya sa ta cikin waliyyansa, a 1927 kuma aka ayyana ta a matsayin mai riƙon ayyukan mishan na duniya, saboda addu'o'i da wasiƙun ƙarfafa gwiwa da ta riƙa yi wa masu fita wa'azi. Shi ya sa fada-fadan wancan zamani suka yawaita sa wa sababbin majami'u sunanta. Idan ka bi Binuwai ka gangara Yola a Najeriya, babbar majami'ar Katolika ta can ma sunan Tereza take ɗauke da shi. Ana gane hotonta da tufafin sista masu ruwan ƙasa, tana rungume da gicciye da furannin wardi. Ranar 1 ga Oktoba ake bikinta.

Daga bakin ƙofa zuwa bagadi

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba a cire takalmi. Na sunkuya zan cire nawa, dattijon ya yi murmushi ya ce in bar shi, a wurinsu hula ce namiji ke cirewa. A bakin ƙofa akwai mazubin ruwan da fada ya sa wa albarka, mai shiga yakan tsoma yatsunsa ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu biyu, don tuna baftismarsa. Daga nan sai jerin bencina, da hanya a tsakiya wadda ta miƙe har gaba. Maza da mata na iya zama a benci ɗaya.

Duk tsarin ginin ya karkata ne ga abu guda, wato bagadi, teburin da ake gabatar da ibadar Mas a kansa. Bisa ƙa'idarsu, ranar keɓe majami'a bishop yakan shafe bagadi da mai mai tsarki, ya ƙona turare a kansa, kuma tun zamanin da ana ajiye wani abu na daga jikin waliyyi a ƙarƙashinsa. Ana lulluɓe shi da farin ƙyalle, a kunna kyandir a gefe. Dattijon ya ce a lokacin da yake yaro fada yakan juya wa jama'a baya ne, yana addu'a da harshen Latin da ba mai ji. Babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Vatikan daga 1962 zuwa 1965, wanda Plumey ya halarta, shi ya buɗe ƙofar canji. Bayansa aka janyo bagadi daga jikin bango, fada ya fuskanci mutane, aka shigo da Faransanci da Fulatanci da Tupuri da Mundang da Giziga da Mafa da sauran harsunanmu, ganga da caki kuma suka samu wuri kusa da mawaƙa.

A gefen bagadi akwai mumbarin karatu, inda ake karanta Littafi Mai Tsarki da yin wa'azi. Akwai mazubin baftisma. Akwai kuma wani ƙaton kyandir da ake sabuntawa duk shekara a daren Ista, a rubuta lambar shekarar a jikinsa tare da harafin farko da na ƙarshe na Girkanci. Ana kunna shi a lokacin baftisma da kuma jana'iza, wato ranar shigowa da ranar fita.

Launin rigar fada da na ƙyallayen ado ma kalanda ne ga wanda ya iya karantawa. Fari na Kirsimeti da Ista ne. Shunayya ta kwanakin jiran Kirsimeti ce da na azuminsu na kwana 40. Ja na ranar Juma'ar da suke tunawa da gicciye ne da ranakun shahidai. Kore kuma na sauran ranakun shekara.

Wani aikin da a Katedral aka saba yin sa shi ne sa wa mai albarka. Sau ɗaya a shekara, dab da Ista, fada-fadan dayosis baki ɗaya sukan hallara, bishop ya sa albarka ga mai iri uku: na masu shirin baftisma, na marasa lafiya, da kuma wanda ake gauraya shi da turare don naɗin fada da keɓe majami'a. Kowane fada sai ya ɗibi rabonsa ya koma da shi. Ke nan man da za a shafa wa mara lafiya a wani ƙauye na yankin Poli ko Gidar ko Cholire, daga wannan ɗaki ya fito.

Fitilar da ake magana

To, sai batun wutar da mai sauraronmu ya tambaya. Lallai akwai ta, amma ba gaban gunki take ba. 'Yar ƙaramar fitila ce da ke ci kusa da wani akwati mai kulle da suke kira tabernakul. Abin da ke cikin akwatin 'yan faya-fayan gurasa ne na garin alkama da ruwa, ba yisti, waɗanda suka rage bayan ibadar Mas. Katolika sun yi imani cewa bayan addu'ar fada, gurasar da ruwan inabin sun zama jiki da jinin Almasihu, shi ya sa ba sa zubar da saura, suna adana shi don kai wa marasa lafiya da tsofaffi a gida. Fitilar alama ce cewa akwai gurasar a ciki, don haka mai wucewa yakan durƙusa da gwiwa ɗaya. Kwanaki biyun da ke gaban Ista ne kawai ake barin akwatin a buɗe ba komai, a kashe fitilar. Ina jin daga wannan aƙida ce jita-jitar shan jini ta samo tushe a bakin waɗanda ba su taɓa tambaya ba.

Sai kuma siffofi da hotuna. Ban ɓoye wa dattijon ba, na ce: "Baba, wannan shi ne abin da ya fi tsaya wa Musulmi a rai." Ya ce ya sani, domin ko 'yan'uwansu Kiristoci na majami'un Furotesta da yawa ba sa ajiye siffofi, gicciyensu ma fayau yake ba kowa a kai. Ya ce su a koyarwarsu Allah kaɗai ake bauta wa, siffa kuwa don tunawa ce da girmamawa, kamar yadda mutum ke rataye hoton mahaifinsa da ya rasu. Tarihi ya nuna cewa su kansu Kiristoci sun daɗe suna jayayya a kan wannan, har aka yi zamanin da sarakunan Rumawan Gabas suka sa aka farfasa hotuna, kafin taron Nikiya na biyu a shekarar 787 ya halatta girmama su ba bauta ba. Mu Musulmi ba mu yarda da siffanta annabawa ba, kuma ba mu yarda an gicciye Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba. Wannan bambanci ne na aƙida, ba kuma zagayen awa biyu ne zai kawar da shi ba. Amma akwai tazara tsakanin ka ce ban yarda da abin da maƙwabcina ya yi imani da shi ba, da ka jingina masa abin da bai ce ba.

A jikin bango, kamar a kowace majami'ar Katolika, akwai tashoshi 14 da ake kira Hanyar Gicciye, waɗanda ke ba da labari bisa Linjilarsu da al'adarsu tun daga hukuncin Bilatus har zuwa kabari. Ranakun Juma'a na azuminsu sukan bi su ɗaya bayan ɗaya suna addu'a. A zamanin da masu iya karatu ba su da yawa, waɗannan hotuna su ne littafin talaka. Nana Maryamu kuwa tana da wurinta na musamman, inda mata suka fi tsayawa da carbinsu. A nan dai ba mu yi musu da dattijon ba a kan darajarta, tunda sura guda ce sukutum ke ɗauke da sunanta a Alƙur'ani.

Zanen da aka haifa a duwatsun Mandara

Hotunan da mishan suka fara kawowa daga Turai suke, fuskokin Turawa, tufafin Turawa. Abin da mutane da yawa a nan ba su sani ba shi ne ɗaya daga cikin fitattun amsoshin da Afirka ta bayar ga wannan al'amari daga arewacin Kamaru ya fito. A farkon shekarun 1970, Kiristocin ƙabilar Mafa na yankin Mokolo suka riƙa kwaikwayon labaran Linjila a ƙauyukansu, ana ɗaukar hoto, sannan wata mai zane 'yar Faransa ta mayar da su zanen fenti. Aka samu zane fiye da 60 da ake kira Vie de Jésus Mafa. A cikinsu za ka ga bukkoki masu tsinin kai, da rumbuna, da ƙwarya, da tulu, da awaki, da duwatsun Mandara, mutanen ciki duk baƙaƙe ne. An buga su an rarraba a ƙasashe da dama, har jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta sa su a rumbunta na intanet. Akwai masu sukar cewa hannun da ya riƙe burushin na Turai ne, don haka aikin bai gama zama namu ba. Duk da haka, ko ga wanda ba Kirista ba, zanen ya adana kamannin ƙauyen Mafa na shekaru hamsin da suka wuce, kafin kwano da bulo su canza shi.

A kudu kuma akwai Engelbert Mveng, fada kuma masanin tarihi kuma mai zane, wanda ya yi amfani da salon fuskokin gargajiya da launukan ja da baƙi da fari. Aikinsa ne ke bayan bagadin Katedral ta Yawunde, akwai kuma ayyukansa a Duwala da Nairobi da Shikago. Shi ma kashe shi aka yi a 1995. Sannan a Figil, garin siminti da farin dutse da ke kan hanyar Marwa, fada-fadan Oblats 'yan ƙasar Polan, waɗanda suka iso a 1970, sun kafa wurin ziyara da kwafin shahararren hoton Maryamu mai baƙar fuska na Częstochowa.

Ba a rufe wannan babi ba tare da ambaton Simon Mpeke ba, wanda aka fi sani da Baba Simon. Yana cikin 'yan Kamaru takwas na farko da aka naɗa fada a 1935. A 1959 ya bar babbar majami'arsa ta Duwala ya taho arewa, Plumey ya karɓe shi, ya zauna a Tokombere yana yawo a duwatsu ba takalmi. An san shi da girmama tsofaffin masu addinin gargajiya da kuma abota da Musulmi. Ya rasu a 1975, a 2023 kuma fadar Paparoma ta amince da shi a matakin da ke kan hanyar zama waliyyi a wurinsu.

Gini a ƙasar zafi

Duk wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Garwa ya san zafi kan haura digiri 40. Majami'un Turai an gina su ne don su tare sanyi, da kauri da ƙananan ƙofofi da gilasai masu launi. Da a ce an kwafo su yadda suke, da ba mai iya zama ciki. Don haka maginan mishan a arewa, tare da birkiloli da kafintocin gari waɗanda da yawansu Musulmi ne, suka koma ga dabarar da ta dace da ƙasa: rufi mai tsawo don zafi ya tashi sama, ƙofofi a gefe da gefe, da bulo mai huji-huji da iska ke ratsawa ba tare da rana ta shigo ba. A ƙauyukan duwatsu kuwa, wuraren ibada da yawa sun fara ne a gindin bishiya, duwatsu ne kujeru.

Ginin bai tsaya ba har yau. A Marwa, a ranar 8 ga Yulin 2023, an keɓe sabuwar Katedral a unguwar Funange ƙarƙashin Bishop Bruno Ateba, bayan shekaru ana aiki, kuma tana ɗaukar mutum kusan 3,500. An gina ta ne a daidai shekarun da rikicin Boko Haram ya addabi iyaka, shekarun da aka sace wani fada Bafaranshe a 2013, da wasu fada biyu 'yan Italiya da sista 'yar Kanada a 2014, kafin daga baya a sako su.

Abin da ke cikin haɗari

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai bayan na fito. Na farko tarihi ne. Kowace tsohuwar mishan tana da rajistar baftisma da aure da mutuwa, inda aka rubuta sunan mutum da na iyayensa da ƙauyensa da kwanan wata. A yankin da har yanzu yara da yawa ke rasa zana jarrabawar firamare saboda rashin takardar haihuwa, irin waɗannan littattafai taska ce. To amma takarda ba ta jure gara da ƙura da zafi. Haka kuma dattawan da suka ɗauki yashi da bulo a ka, waɗanda suka san wa ya sassaƙa wannan, wa ya ƙera wancan, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya ba a naɗi muryarsu ba. Wannan ciwo bai tsaya ga coci ba. Haka littattafan Ajami ke ruɓewa a cikin adakar malamanmu, haka ake rushe tsofaffin masallatai da zauruka na ƙasa a maye su da siminti ba a ɗauki ko hoto ɗaya ba. Hukumar UNESCO ta sa gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy da ke duwatsun Mandara cikin kayan tarihin duniya a 2025, alhali da yawanmu ba mu taɓa jin sunansu ba. Sai yaushe za mu fara daraja namu kafin baƙo ya nuna mana?

Na biyu shi ne zaman lafiya. A watan Janairun 2015 an ƙona coci-coci da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, aka yi asarar rayuka, saboda wani zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, wanda Kiristocin Nijar ba su da hannu a ciki. Gini na shekaru da yawa, yini ɗaya ya ishe shi zama toka, kuma wutar takan fara ne daga irin maganar nan ta "an ce". A ɗaya gefen, a Yola, harabar Katedral ta Tereza ta ba dubban 'yan gudun hijira mafaka da abinci tun daga 2014 ba tare da tambayar addininsu ba, kuma a 2021 Bishop Stephen Dami Mamza ya gina wa Musulmin cikinsu masallaci a sabon matsugunin da aka yi masu. Mu ma a tarihinmu ba mu manta ba cewa sahabban farko da suka yi hijira, wurin sarkin Habasha Kirista suka samu mafaka.

Garwa gari ne da ladanin babban masallacin Pumpumre da mawaƙan coci ke kwana su tashi a cikinsa, 'ya'yansu na zama benci ɗaya a makaranta, suna sayen kifin Lagdo a kasuwa ɗaya, suna ihu tare a filin ƙwallon Rumde Ajiya. Shawarata ga hukumomin al'adu na jiha da shugabannin addinai ita ce a kafa kwamitin haɗin gwiwa da zai ƙididdige tsofaffin gine-ginen ibada da na sarauta, a ɗauki hotunansu, a kwafe rajistoci da littattafan Ajami a kwamfuta, a kuma naɗi muryoyin dattawa tun suna raye. Malaman makaranta kuma su riƙa kai ɗalibai ziyarar gani da ido, da izinin iyaye, zuwa fadar Lamiɗo da masallaci da coci, kowa ya ji bayani daga bakin mai wurin.

Larabar da ta biyo baya na buɗe shirin da amsar tambayar mai sauraronmu, kamar yadda na zayyana a sama. Bai daɗe ba ya sake bugowa, ya ce ɗan nasa na kusa da shi yana ji. Da zan rabu da dattijon katakis kuwa, sai da ya raka ni har bakin titi, ya ce shi ma akwai abin da ya daɗe yana son sani: me ya sa liman ke tsayawa a cikin ɗan lungun nan na gaban masallaci? Na ce masa wannan mihrabi ne, kuma na yi masa alkawarin nema masa izinin ya je ya gani da idonsa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.